Dukan da ke zuwa bayan mota ta tsaya: nazarin wata Hilux a Jidda

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 2014, mai gida biyu, wadda a nan Saudiyya ake ce wa gamaratain. Injinta lita 2.7 ne mai shan fetur, giyarta atomatik, kuma tana da dabal, wato akwatin giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja. Agogonta ya haura kilomita 210,000. Mai ita Bahaushe ne haifaffen Makka, aikinsa ɗauko buhunan shinkafa da katan-katan na man girki daga Jidda zuwa shagunan Shari'a Mansur, sau huɗu ko biyar a mako. Irin motar da a Kano za a ce a-kori-kura, a nan kuwa wanet.

Da ya kawo ta warsha (gareji) a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ga yadda ya faɗi ƙorafinsa: "Mu'allim, duk sanda na tsaya a ishara (danja) sai in ji kamar wani ya ɗan bugo ni ta baya. Na sha leƙa madubi, ba kowa." Ya ƙara da cewa wani lokaci dukan ba ya zuwa sai ya ɗage ƙafa daga birki zai tashi. Da safe abin ba ya da ƙarfi, amma in motar ta ɗau zafi, musamman in ba kaya a bayanta, kusan kowace tsayuwa sai ya ji shi.

Kafin ta iso nan an riga an kashe mata kuɗi sau biyu. An canza man giya da matatarsa, an kuma canza kujerar giya, wato robar da giyabos ke zaune a kai. Dukan bai ko rage ba. Makanike na uku da aka kai wa ya ce difirans ne ya ci, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin baya, a je tashlih, kasuwar kayan tsofaffin motoci, a samo wani. Duk cikinsu ba wanda ya hau motar ya tsaya da ita. An bar jaki ana ta dukan taiki.

A irin wannan ƙorafi, tambayar farko ita ce yaushe ne daidai dukan ke zuwa, domin kowane ƙarfe da lokacin kukansa. Kuros ɗin farfela (dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa difirans) da ya ci, wanda Larabawa ke kira salib, yana yin "ƙas" ne lokacin da aka sa giya daga P zuwa D ko zuwa ribas, ko sanda aka saki totur aka sake takawa. Ƙarar ƙarfe ce mai kaifi, kunne ke jin ta. Haƙoran difirans da suka yi rata su ma a wannan lokacin suke magana, sau da yawa da gurnani in ana gudu. Fatar birkin gaba da ke wasa a mazauninta tana yin ƙara sau ɗaya ne a birkin farko bayan an canza daga baya zuwa gaba. Giyar atomatik da ke saukowa daga ta biyu zuwa ta ɗaya da ƙarfi tana duka ne mota na cikin tafiya, tana gab da tsayawa. Abin da wannan mutum ya kawo daban ne: mota ta riga ta tsaya cak, daƙiƙa ɗaya ko biyu ta wuce, sannan a ji "dum" a gadon baya, a jiki fiye da a kunne.

Aka fita da ita wani titi marar cunkoso a bayan sina'iyya. Da farko aka duba abubuwan da ba sa cin ko riyal ɗaya, domin suna yaudarar mutane fiye da yadda ake zato: safayar da ke rataye a ƙarƙashin bodi, jak da liba a bayan kujera, ƙofar bayan bodi, da fetur da ke tangal-tangal a tanki in ya kai rabi. Safaya a ɗaure take tam, tanki kuma a cike.

Gwaji na farko, a D, gudun kilomita 40, birki matsakaici har ta tsaya. Cikin tsayuwa goma, dukan ya zo a takwas. Da aka riƙa sassauta birki a mita biyu na ƙarshe har ta tsaya a hankali, sai ya ɓace. Wannan kaɗai ya nuna cewa abin yana da alaƙa da yadda bayan motar ke ɗagawa in gabanta ya duƙa.

Gwaji na biyu, aka riƙa mayar da giya N tun mota tana gangarawa, sannan a taka birki iri ɗaya da na farko. Shiru. A nan ne makanikai da yawa ke yin tuntuɓe, su ce ai ga shi nan, giya ce. Ba haka ba ne, domin N abu biyu take cirewa lokaci guda: saukowar giya daga biyu zuwa ɗaya, da kuma ƙarfin juyi da inji ke ci gaba da turawa cikin farfela ko mota na tsaye. Sai an raba su kafin a yanke hukunci. Saboda haka aka yi gwaji na uku: aka sa giya a L, inda motar ba ta barin giya ta ɗaya sam, aka ɗan ja ta zuwa kilomita 20, aka taka birki da ɗan ƙarfi. Dukan ya zo. Giyar da ba ta canza ba ba za ta yi dukan canji ba, don haka giyabos ya fita daga zargi, kuma man da aka zuba masa kwanakin baya asara ce kawai.

Don a gane abin da ya rage, sai an san yadda bayan wanet yake. Aksul ɗin baya ba a kafe yake da shasi ba, da sifirin mai ganye aka ɗaure shi, wanda a nan ake ce wa susta. In aka taka birki, tayoyin baya suna ƙoƙarin jan aksul ɗin ya juya tare da su, sai ganyayen sifirin su ɗan murɗe, hancin difirans ya sunkuya ƙasa. A lokaci guda nauyi ya koma gaba, bodi ya ɗaga ta baya. Duka biyun suna canza nisan da ke tsakanin dabal da difirans. Farfela, wato amudul kardan, ƙarfe ne da ba ya miƙewa, shi ya sa aka yi masa gaɓa mai zamiya, namiji da mace masu dogayen haƙora, ɗaya yana shiga cikin ɗaya kamar wuƙa da kube. Ita ce Turawa ke kira silif-yok. Aikinta ta isar da juyi, kuma ta bar farfela ya ƙara tsawo ko ya rage.

In haƙoran nan da giris, zamiyar ba wanda ke jin ta. In sun bushe, sai labari ya canza. Birki yana da ƙarfin da zai janyo gaɓar ta buɗe ko ta ƙi ko ta so. Amma da mota ta tsaya, sifirin ne kaɗai ke tura ta ta koma, kuma a daidai lokacin giyar atomatik tana D, kwanbata (masu gyara a nan baɗɗiha suke ce mata, wato kankana, saboda siffarta) tana matse gefen haƙoran da juna. Sai gaɓar ta cije. Sifirin yana turawa, tana riƙewa, har ƙarfinsa ya rinjaye ta, ta saki gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan sakin shi ne "dum" ɗin. In cijewar ta yi ƙarfi, ba ta saki sai an ɗage birki aksul ya warware, shi ya sa mai motar ke jin dukan wani lokaci a tashi. Haka nan dalilin da ya sa ba kaya ya fi muni: bodi marar nauyi ya fi ɗagawa.

Wannan duk hasashe ne har sai ido ya gani. Aka goge jikin gaɓar, aka ja layi da farin fenti daidai bakin sil, aka ɗaure waya a jikin shasi tana kallon wurin, aka sake tsayuwa biyar. Bidiyon ya nuna layin ya fito waje lokacin birki, ya tsaya cik bayan motar ta tsaya, sannan ya faɗa ciki da tsalle ɗaya, daidai da lokacin da aka ji dukan. Wannan dabara ta waya ta fi a sa yaro ya tsuguna gefen mota yana leƙe, kuma ba ta sa ran kowa cikin haɗari.

Duk da haka aka hau da ita kan rami aka bi sauran wurare ɗaya bayan ɗaya, domin mota mai wannan kilomita ba ta cika zama da ciwo ɗaya ba. Kuros uku na farfelan baya: aka riƙe kowane ɓangare da hannu ana murɗawa ana girgizawa, ba wasa, ba jan garin tsatsa a bakin kofunansu. Littafin kamfani bai yarda wasan kuros ya wuce milimita 0.05 ba, wanda a aikace ma'anarsa in hannu ya ji motsi, ya tashi aiki. Boris ɗin tsakiya, shayyal, robarsa ta ɗan tsattsage a sama amma ba ta rabu ba. Filanjar difirans ba ta motsi sama da ƙasa, notinta bai saki ba, sil ɗinta ba ya yoyo. Aka zare murfin magudanar mai, maganaɗisun da ke jikinsa baƙin laka mai laushi kawai ya tara, ba ɓarɓashin ƙarfe. Ratar haƙoran difirans irin wannan tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, kuma ba a auna ta sai an sauke shi an ɗora agogon awo. Wasan da ake ji in an juya farfela da hannu tarin ratar wurare da yawa ne, har da ƙananan haƙoran ciki da na sandunan aksul, kuma kowace mota mai lafiya tana da shi. Da wannan wasan ne aka so a sa mutumin ya sayi difirans.

Abu biyu suka fito a ramin. Nonon giris na gaɓar zamiya a lulluɓe yake da busasshiyar laka, alamar an daɗe rabon da bakin famfo ya taɓa shi. Na biyu kuma, a gefen dama, ƙarƙashin farantin da ke riƙe sifirin, akwai jan garin tsatsa da ya zubo, da wani wuri mai sheƙi inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Aka tambayi mai motar, ya ce bara ya sa an ƙara masa ganye ɗaya a kowane gefe saboda kaya.

Gyaran farko shi ne mafi sauƙi. Aka goge nonon, aka ba shi famfo huɗu na giris, aka fita aka yi ta birki don ya ratsa. Dukan ya ɓace nan take. Wannan ya tabbatar da ganewar, amma bai warkar da ciwon ba: bayan kimanin mako uku motar ta dawo da ƙorafinta.

Dalilin dawowar ya bayyana da aka sauke farfelan. Akwai abubuwa biyu da ba a wasa da su kafin a kwance ko noti ɗaya. P ɗin giyar atomatik ta cikin farfela take riƙe tayoyi, da zarar an cire shi motar ta zama sakakkiya, don haka a ja birkin hannu, a kuma sa waigi gaba da bayan taya. Sannan a yi alama da fenti a kowace mahaɗa: filanjar dabal, filanjar difirans, da kuma namiji da mace na gaɓar kanta. An daidaita nauyin farfela ne a haɗe tun daga masana'anta, kuma kunnuwan kuros ɗinsa suna da jeri na musamman. In aka mayar da gaɓar da kuskuren haƙori ɗaya, dukan zai tafi, karkarwa ta maye gurbinsa a kan babban titi.

Da aka zare namijin, sabon giris ɗin yana can tare a kogon ƙarshen macen, ɗan kaɗan ne ya kai bakin haƙora. Ramukan haƙoran kuwa cike suke da tsohon giris da ya haɗu da ƙura ya daskare kamar busasshen kwalta, ga tsatsa ja a ɓangaren da ke fita waje. Leɓen sil ɗin ya taurare ya tsage. Ba abin mamaki ba ne a Jidda. Zafin bazara yana haura digiri 40, ga salansa a kusa, sai man da ke cikin giris ya tsiyaye ya bar tukar. Iskar Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri da danshi. Ruwan sama ba shi da yawa, amma in ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu yakan cika tituna, kuma wanet ce ke kutsawa inda ƙananan motoci suka tsaya. A kan wannan duka ga wankin ƙasan mota da ruwa mai matsi, wani lokaci har da feshin dizal, wanda ke wanke giris sarai. Shagunan canjin mai na bakin titi kuma yawancinsu mai da filta kawai suka sani, famfon giris sai wanda ya tambaya.

Aka wanke namiji da mace da kananzir da buroshin roba, aka busar da iska. Ba a sa buroshin waya ba, domin wasu gaɓoɓin suna zuwa da wani siririn rufi a kan haƙora, in aka kankare shi an kashe gaɓar. Sai dubawa: a bi gefen kowane haƙori da farce, in farce ya maƙale a wani tudu, ƙarfen ya ci ya yi matakala, kuma ba giris ɗin da zai hana shi cijewa. A kuma haɗa su a bushe a murɗa, in akwai wasan da ido ke gani, sai canji. Na wannan motar sheƙi kawai ya yi, ba matakala, don haka ya tsira. Aka goge tsatsar da takardar yashi mai laushi, aka sa sabon sil.

Giris ɗin da aka shafa shi ne mai litiyam da aka haɗa da molibdinam, mai lambar kauri NLGI 2, baƙi-baƙi mai launin toka. Molibdinam ɗin yana manne wa ƙarfe ya ci gaba da zamiya ko an matse man ya fita, kuma wannan shi ne ainihin abin da haƙoran da ke zamewa ƙarƙashin matsi suke buƙata. Kuros kuwa, mai ƙananan allurai masu birgima, giris mai litiyam zalla ake ba shi. Da yatsa aka cika kowane rami na haƙoran namiji da mace, aka zura aka zare sau da yawa har ya bi ko'ina, amma aka bar kogon ƙarshe kusan fanko. Aka mayar bisa alamomi, notocin filanja aka ɗaure su da sifanar awo a kan 88 na ma'aunin niyutan-mita, na shayyal 36.

Barin kogon fanko ba rowa ba ce. Kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki shi ne a ɗaga mota a kan lif tayoyi na reto, gaɓar ta buɗe iya buɗewarta, a yi ta famfo har hannu ya gaji. In aka sauke motar, namijin ba shi da inda zai koma, giris kuma ba ya matsuwa. Farfela ya zama sanda, kowane tudun rage gudu da aka hau sai ya daki boris ɗin dabal da na difirans, ko ya fasa sil, ko ya tunkuɗe murfin ƙarshen macen. Gaɓar zamiya ana ba ta giris ne mota na tsaye a kan tayoyinta, famfo uku zuwa biyar, kuma da an ga gaɓar ta fara buɗewa a tsaya. In an riga an cika, a kwance nonon, a hau bodi a yi ta girgiza motar har rarar ta fito, sannan a mayar. Kuros ne ake yi wa famfo har sabon giris ya ɓullo ta kofuna huɗu.

Saura gefen dama. Ƙarafunan nan masu siffar U da ke ɗaure aksul da sifirin, gafiz a bakin masu gyara na nan, guda biyu ne a kowane gefe. Lokacin da aka ƙara ganye, tsofaffin aka mayar, kuma ba wanda ya sake bi ta kansu. Gafiz yana miƙewa in an ɗaure shi, ba a so a maimaita shi, sabbin ganyaye kuma suna zaunawa bayan 'yan kwanaki su bar rata. Biyu daga cikin notoci huɗu na dama sun juya tun sifana ba ta kai rabin awo ba. Sakin bai kai ya yi ƙararsa ta kansa ba, amma yana barin aksul ya ƙara sunkuyawa a kowane birki, wato yana ƙara wa gaɓar nisan da za ta zame. Aka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a gefe biyu, awo ya zo ɗaya, alamar ƙusar tsakiyar sifirin ba ta karye ba, kuma da aka buɗe haka aka same ta. Aka sa sabbin gafiz huɗu masu tsawon da ya dace da ƙarin ganyen, aka ɗaure a giciye kaɗan-kaɗan har 120 na ma'aunin niyutan-mita, nauyin motar na ƙasa.

Masu GMC Sierra da Chevrolet Silverado, waɗanda suke da yawa a titunan Saudiyya, su lura cewa ciwon ɗaya ne amma wurinsa daban. A yawancinsu gaɓar zamiyar a gaban farfela take, tana shiga wutsiyar giyabos ko dabal kai tsaye, ba ta da nono, kuma in an zare ta mai na iya zuba. Kamfanin da ke ƙera su ya fitar wa wasu samfuran gaɓa mai rufin nikel saboda wannan ƙorafi. Ford kuma giris mai tefulon yake ba da shawara a kan nasa. Kada a ɗauki giris ɗin Hilux a cusa inda zai gauraya da man giya.

Bayan aikin aka maimaita gwaji na farko a titi ɗaya, tsayuwa ashirin ba kaya, goma da buhu goma na shinkafa a baya. Ba duka ko ɗaya, bidiyon kuma ya nuna farin layin yana fita yana komawa sumul. Aka ce wa mai motar ya dawo bayan kilomita 500 a sake bin notocin gafiz, ya dawo, biyu suka karɓi ɗan ƙari. Tsarin da aka ɗora shi a kai, ganin irin kayan da yake ɗauka, shi ne giris a duk canjin mai na kilomita 5,000, ya tsaya a kai ya ga an yi, har da farfelan gaba wanda ake mantawa da shi saboda ba kullum ake sa dabal ba. In kuma ya kutsa ruwan da ya kai farfela, kada ya bari awa 24 ta wuce bai ba shi giris ba. Robar shayyal da ta fara tsagewa an rubuta ta a takardar aiki, za a sake dubawa a canjin mai na gaba.